Sanƙarau: yadda ƙwayar da ke zaune lafiya a maƙogwaro take juyewa ta yi kisa

Daga lokacin da iskar hunturu ta busar da ƙasa har zuwa saukar ruwan farko, ma'aikatan lafiya daga Sakkwato zuwa Damagaram zaman ɗar-ɗar suke yi, domin lokacin sanƙarau ne. Yaro zai tashi garau, ya yi wasansa da hantsi, da la'asar zazzaɓi ya rufe shi da ciwon kai, kafin asuba wuya ya ƙage, bai ma san wanda ke kansa ba. Saurin da ciwon yake yi ne ya sa tun da can ake jingina shi ga iska ko sammu. Amma ƙwayar cuta ce ke kawo shi, kuma labarin yadda take kawo shi ya isa ya buɗe mana ido a kan yadda ƙwayoyin cuta gaba ɗaya suke aiki a jikin ɗan Adam.

Ga abin da ya fi ɗaure kai. Bakteriyar da ta fi tayar da annobar sanƙarau a ƙasashenmu, wadda masana ke kira Neisseria meningitidis, tana zaune a ƙuryar hanci da maƙogwaron kusan mutum ɗaya cikin goma. Lokacin annoba adadin yana iya kaiwa ɗaya cikin huɗu. Waɗannan mutane suna cin tuwonsu, suna zuwa kasuwa da masallaci, ko mura ba sa yi. Ƙwayar takan yi makonni ko watanni a jikinsu, sannan ta tafi, ta bar musu garkuwar da za ta kare su nan gaba. Ashe shigar ƙwaya jiki daban, kwanciya ciwo daban. Dama jikinmu cike yake da bakteriya, a fata da baki da hanji, yawansu ya kusa daidai da yawan ƙwayoyin halittar jikin kansa, kuma da yawansu amfani suke mana. Sai ƙwaya ta faɗa inda ba wurinta ba, ko ta zubo guba, ko ta tarar da garkuwa ta yi rauni, sannan ake maganar cuta.

Wani likita mai suna Anton Weichselbaum ne ya fara ware wannan ƙwaya a Biyana ta ƙasar Ostiriya a 1887, daga ruwan ƙwaƙwalwar waɗanda ciwon ya kashe. A ƙarƙashin madubin likita ana ganinta bibbiyu, a manne fuska da fuska. Sai an jera kusan dubu kafin su cika tsawon milimita guda. Ba ta rayuwa a jikin akuya ko kaza, ba ta cikin rijiya, in ta fita waje ma ba ta jimawa take mutuwa. Mutum ne kaɗai gidanta. Daga wani zuwa wani take tafiya, ta feshin tari da atishawa da yawu, kuma sai an yi kusa an daɗe tare: ɗaki ɗaya ana kwana mutum goma, ɗakin kwanan ɗalibai, zauren almajirai, sansanin 'yan gudun hijira, cunkoson aikin hajji. Ɓarkewar da aka samu tsakanin alhazai a 1987 da kuma 2000 ce ta sa har yau Saudiyya ba ta barin maniyyaci ya shiga sai da shaidar allurar sanƙarau.

Da ƙwayar ta sauka a hanci, matsalarta ta farko ita ce kada a share ta. Cikin hancinmu shafe yake da majina mai kama ƙura da ƙwayoyi, ƙarƙashinta kuma akwai wasu gasu ƙanana ƙwarai da ke kaɗawa ba dare ba rana suna tura majinar zuwa maƙogwaro a haɗiye, ruwan ciki ya ƙone abin da ke cikinta. A cikin majinar ma akwai sinadaran garkuwa da ke liƙe wa baƙo. Ƙwayar sanƙarau ta zo da shirinta. Tana da wasu zaruruwa sirara da take kafawa a jikin tantanin maƙogwaro ta riƙe gam, tana kuma fitar da wani sinadari da ke datsa na garkuwar gida biyu. Abinci ma ta san inda za ta samo. Bakteriya ba ta hayayyafa sai da sinadarin ƙarfe, jiki kuwa ɓoye nasa yake yi a ɗaure cikin wasu sunadarai don kada baƙo ya samu. Ita wannan ƙwaya tana da abin da take cafke sunadaran da shi ta zare ƙarfen.

Ga mafi yawan mutane a nan labarin yake tsayawa. Kuma in an duba da kyau, a nan ne ribar ƙwayar take, domin daga maƙogwaro ne kawai take iya tsallakawa zuwa wani mutum. Wadda ta shiga jini ko ƙwaƙwalwa ta shiga rami, ko dai magani ya kashe ta ko su mutu tare da mai ita. Ciwon sanƙarau tuntuɓe ne, ga mutum da ƙwayar baki ɗaya.

To me ke jawo tuntuɓen, kuma don me sai da rani? A 1963 wani likitan sojan Faransa, Léon Lapeyssonnie, ya zana yankin da annobar ke yawan komowa, wani shiri na ƙasashe da ya miƙe kudu da Sahara, wanda yau ake lissafa shi daga Senegal zuwa Habasha, ƙasashe 26. Ƙasar Hausa tana tsakiyarsa. A wannan yanki ciwon yana tashi da rani, ya kai ƙololuwa wajen Maris da Afrilu, sannan damina na sauka ya faɗi warwas. Duk wanda ya yi hunturu a Katsina ko Maraɗi ya san yadda hanci ke bushewa, leɓe ya tsage, yara su riƙa haɓo. Bushewar da ake gani a leɓe tana faruwa a can ciki ma. Majina ta kafe, gasun da ke shara su gaza, ƙura ta kankare tantanin, mura da tari su ƙara masa rauni. Ƙwayar da ke zaune a sama sai ta samu kafa ta ratsa zuwa ƙananan jijiyoyin jini da ke ƙarƙashi. Don haka masu cewa zafi ne ke kawo sanƙarau ba su yi nisa da gaskiya ba, sai dai zafi da ƙura ƙofa suke buɗewa. In babu ƙwayar, ko an kwana a tanda ba za a yi sanƙarau ba. Hayaƙin taba da na icen girki a ɗakin da ba taga su ma irin wannan lahani suke yi.

Shiga jini ba ƙaramar kasada ba ce ga bakteriya. Jini yana da fararen ƙwayoyi, waɗanda muke kira sojojin jiki, masu haɗiye baƙo, yana kuma da wani rukunin sunadarai da ke taruwa a jikin bakteriya su huda ta ta fashe. Yawancin ƙwayoyin da suka kutsa cikin mintuna ake gamawa da su. Abin da ke ceton ta sanƙarau shi ne wata riga mai santsi da take sanye da ita, wadda aka ƙera da sinadarin dangin sukari. Sojojin jiki in sun zo kamawa sai ta sulluɓe. Bayan wannan, jiki yana da wani sinadari da yake yi wa ƙwayoyinsa shaida da shi, don kada masu hudawa su taɓa na gida. Ƙwayar sanƙarau tana janyo wannan sinadari ta yafa a jikinta, sai a wuce ta kamar 'yar gida. Bambancin rigar ne ya sa aka kasa ƙwayar rukuni-rukuni, A da B da C da W da X da Y, kuma wanda jikinsa ya san rigar A bai tsira daga mai rigar C ba. Wanda ya taɓa ɗaukar ƙwayar a maƙogwaro ko aka yi masa riga-kafi yana da sinadaran da suka gane rigar, su maƙale mata, sojoji su samu wurin kamawa. Wanda bai da su kuwa, kamar jaririn da garkuwar da ya gada daga uwa ta fara ƙarewa, ko matashin da ya ci karo da sabon rukuni, jikinsa yana buƙatar mako ɗaya ko fiye kafin ya haɗa nasa. Ita kuwa ƙwayar tana iya ninka kanta cikin ƙasa da awa ɗaya. Guda ta zama biyu, biyu su zama huɗu, kafin kwana ya zagayo an shiga miliyoyi.

A nan ne ake zuwa ga abin da nake ganin ya fi cancanta a fahimta. Ƙwayar sanƙarau ba ta da haƙori, ba ta cin naman mutum. Mafi yawan ɓarnar da ake gani, jikin ne da kansa yake yi wajen neman kashe ta. A fatarta ta waje akwai wani sinadari da jikin ɗan Adam ya sani sarai a matsayin alamar hatsari, kuma tana yawan zubar da ɓarɓashin fatar nan cikin jini. Da jiki ya ji shi sai ya yi shela: zafi ya tashi, jijiyoyin jini su buɗe su fara yoyo don sojoji su samu fita, jini ya daskare a wurin don a tsare baƙo. In ƙaya ce ta soke ka a ƙafa, wannan shiri shi ne daidai, wurin ya kumbura, ya yi ja, ya yi mugunya, ya warke. Amma in shelar ta tashi a dukkan jiki lokaci guda, ya zama kamar mutumin da maciji ya shiga ɗakinsa na ciyawa, ya cinna wa ɗakin wuta da iyalinsa a ciki. Ruwan jini ya tsiyaye daga jijiyoyi zuwa cikin tsoka, ƙarfin bugun jini ya faɗi, hannu da ƙafa su yi sanyi alhali jiki na ƙuna. Ƙananan gudaji su toshe hanyoyin da ke kai jini yatsu da ƙoda, sinadaran daskarar da jini su ƙare, sai kuma jini ya fara tsattsafowa ƙarƙashin fata. Shi ne ɗige-ɗigen nan masu duhu da ba sa ɓacewa in an danna su. A baƙar fata suna da wuyar gani, sai an duba tafin hannu, tafin ƙafa, cikin fatar ido da dasashi. Wannan nau'i na gubar jini yana iya kashewa tun wuya bai sanƙare ba, kuma shi ne ke sa a yanke wa wasu da suka tsira yatsu ko ƙafa.

Sai kuma ƙwaƙwalwa. Ita da laka suna nannaɗe cikin tantani hawa uku, suna kuma iyo cikin wani ruwa garai-garai wanda a jikin babba bai fi cikin ƙaramin kofin shayi ba. Jijiyoyin jinin da ke wurin a ɗinke suke tsam, ba kowane abu ke ratsa su ba, har magunguna da yawa ba sa iyawa. Ƙwayar sanƙarau tana kafa zaruruwan nan nata a bangon jijiyar, ta sa ɗinkin ya saki, ta wuce. Da ta shiga kuwa ta samu sarari, domin ruwan ƙwaƙwalwa kusan babu masu gadi a cikinsa, ga kuma sukari. Kafin sojojin jiki su iso ta riga ta yi yawa, in sun iso kuma tururuwa suke yi, su zubo sinadaran da ke ƙona ƙwaya da naman gida baki ɗaya. Ruwan da yake kamar na ƙorama sai ya koma fari-fari, gurɓatacce. Likitan da ya soka allura a gadon baya ya ɗebo ruwan yakan gane tun da ido, kafin sakamakon ɗakin gwaji ya fito. Ina roƙon iyaye su daina gudun wannan gwaji. Ana soka allurar ne can ƙasa da inda laka ta ƙare, kuma shi ne ke nuna wace ƙwaya ce, wane rukuni ne, wace allura ya kamata a kawo wa gari.

Tantanin da ya kumbura ba ya son a ja shi. Sunkuyar da kai yana jan sa, shi ya sa tsokar wuya take ƙagewa don ta hana, har a ga yaro ya bankare kai baya. Hasken rana ya zama azaba. Ƙoƙon kai kuma ƙashi ne, ba ya buɗewa, don haka in ƙwaƙwalwa ta kumbura ba ta da wurin zuwa sai ta matse jijiyoyin da ke ciyar da ita. Daga nan ne amai, ruɗewa, fizge-fizge da suma suke biyowa. Jariri nasa daban ne. Sau da yawa wuyansa ba ya sanƙarewa ko kaɗan. Zai ƙi nono, ya riƙa wani siririn kuka mai tsini, in an ɗauke shi kukan ya ƙaru, ko ya yi laƙwas, maɗigarsa kuma ta kumburo ta yi tauri. Uwar da ta shafa tsakar kan ɗanta mai zazzaɓi ta ji haka, kada ta jira gari ya waye.

Ba kowace ƙwaya ke bin wannan hanya ba, kuma bambancin yana da amfani a sani. Bakteriyar kwalara ko jini ba ta shiga. Tana zaune a hanji ta zubo gubar da ke sa hanji ya riƙa tsiyayar da ruwa, har babban mutum ya iya zubar da lita guda cikin awa ɗaya, shi ya sa ruwan gishiri da sukari ke ceton rai ko ba a kashe ƙwayar ba. Ta tatanas tana maƙale a cikin rauni ko cibiyar jariri, gubarta ce ke bin jijiya ta sandarar da jiki. Ƙyanda kuwa bairos ce, ba ta da rai mai zaman kansa, sai ta shiga ƙwayar halittar mutum ta sa ta buga mata kwafi, don haka kafson da ke kashe bakteriya ba ya yi mata komai. Shi kansa sanƙarau suna ne na kumburin tantanin, kuma ƙwayoyi da dama suna kawo shi: bakteriyar ciwon huhu, wadda nata ya fi kisa da nakasarwa, ta tarin fuka mai tafiyar hawainiya, da bairos iri-iri waɗanda nasu yawanci yakan zo da sauƙi. Ba a bambance su da ido a gida.

In ba a yi magani ba, sanƙarau na wannan ƙwaya yana iya kashe rabin waɗanda ya kama. Ko an yi, kusan ɗaya cikin goma yana rasuwa, galibi cikin kwana ɗaya ko biyu na farko. Allurar ceftriaxone tana ratsawa har ruwan ƙwaƙwalwa ta kashe ƙwayar cikin hanzari, amma ba ta mayar da abin da kumburi ya riga ya lalata. Wannan ne ya sa jinkiri ya fi komai tsada. Na san yadda abin yake tafiya a gidajenmu: a fara da farasitamol, a ce maleriya ce a sayo magani a kemis, in fizge-fizge ya zo a nemi mai ruƙiyya, sai an ga ido ya kafe sannan a nemi mota. Ba na ganin laifin uban da asibiti ke da nisan tafiyar awa uku daga ƙauyensa, ga hanya ba tsaro, ga aljihu babu. Amma addu'a ana iya yin ta a cikin mota, a kuma ci gaba da ita a bakin gadon asibiti.

Mun ga abin da wannan ƙwaya za ta iya. A 1996 ta kama sama da mutum 100,000 a Najeriya ta kashe fiye da 11,000, a faɗin yankin kuma tsakanin 1996 da 1997 an ƙirga sama da 250,000 da suka kamu, kimanin 25,000 suka rasu. Rukunin A ne ya yi wannan aika-aika. A cikin annobar ce kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya shafi yara 200 a Kano, gwajin da ya kai ga shari'ar da aka sasanta da gwamnatin jihar a 2009, kuma har yau tabonta yana cikin abin da ke sa wasu iyaye ɗari-ɗari da allura. Wannan tsoro yana da tushe. Sai dai abin da ya biyo baya ma gaskiya ne. A Disambar 2010 aka fara allurar MenAfriVac, ta riga-kafin rukunin A, a Burkina Faso da Mali da Nijar, Najeriya ta bi a 2011, ana yi wa 'yan shekara 1 zuwa 29. Kamfanin Serum Institute na Indiya ne ya haɗa ta, kowace a ƙasa da rabin dala. Fifikonta a kan tsofaffin allurai shi ne tana hana ƙwayar zama a maƙogwaro, ta yadda wanda aka yi wa ba ya kamuwa, ba ya kuma kai wa ƙaninsa. Cikin 'yan shekaru annobar rukunin A ta ɓace daga yankin.

Sauran rukunan ba su ɓace ba. Wani sabon nau'in C ya ɓulla a jihar Sakkwato a 2013, ya kama sama da mutum 8,000 a Nijar a 2015, sannan daga ƙarshen 2016 zuwa tsakiyar 2017 ya taso daga Zamfara ya bazu Sakkwato da Katsina da maƙwabta, mutum sama da 14,000 ake zargin sun kamu, fiye da 1,100 suka rasu. Da yawansu an yi musu allurar A, amma ƙwayar ta zo da wata rigar. A wannan shekara ta 2017 aka yi wani gwaji a yankin Madarumfa na jihar Maraɗi wanda ya tabbatar da matsayin masu ɗauke da ƙwayar ba tare da ciwo ba: a ƙauyukan da aka ba kowa da kowa ƙwayar maganin ciprofloxacin guda bayan samun mai ciwo, kamuwa ta ragu da fiye da rabi, alhali ba wa 'yan gidan maras lafiya kaɗai bai kawo wani canji a zo a gani ba. A Maris ɗin 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da Men5CV, wadda ta haɗa A da C da W da Y da X a allura ɗaya. Ba ta rufe rukunin B ba, ba ta kuma rufe bakteriyar ciwon huhu, wadda allurarta tana cikin jerin riga-kafin jarirai da ake yi kyauta a asibitin sha-ka-tafi.

Akwai kuma waɗanda ba sa shiga lissafin kowa, wato waɗanda suka tashi. Kusan ɗaya cikin biyar yana fita da tabo: farfaɗiya, shanyewar gaɓa, raunin fahimta, mafi yawa kuma kurumta. Akwai wata 'yar siririyar hanya da ta haɗa ruwan ƙwaƙwalwa da kunnen ciki, ƙwaya da kumburi sukan bi ta nan su kashe ƙananan ƙwayoyin da ke ɗaukar sauti, su kuwa ba sa sake tsirowa. Wani lokaci wurin yakan fara cikewa da ƙashi cikin makonni, wanda ke sa duk wani taimako ya ƙara wuya in an makara. Yaro ya dawo gida ana murna, sai bayan wata biyu a lura ba ya waigowa in an kira shi, a ce taurin kai ne ya koyo, a makaranta a ce daƙiƙi ne. In ƙarami ne da bai gama koyon magana ba, 'yan kalmomin da ya iya ma sai su zube. Duk yaron da ya tashi daga sanƙarau ya kamata a gwada jinsa kafin a sallame shi ko cikin wata guda bayan haka, kuma in asibitin ba su ambata ba, iyaye su tambaya da bakinsu.